Hannun Samba Jallo

An haifi Rabo Hamidu a shekara ta 1981, a bakin wata rijiya da ke arewa da Bader Goula, tafiyar rabin yini a ƙafa in mutum ya nufi Azagor. Wurin bai kai a kira shi gari ba. Gidaje tara ne na laka da kara, da kwami huɗu na siminti inda dabbobi ke sha, da itacen aduwa guda wanda ake zama a inuwarsa. Sunan wurin Rijiyar Samba, gama kakan Rabo, Samba Jallo, shi ya gina ta. Haka dai Rabo ya tashi yana ji. Zurfinta gaba talatin da biyar ne. Raƙumin da ke jan wasaki, wato babban gugan fata, sai ya yi nisa har mai kora ya daina jin muryar na bakin rijiya kafin ruwa ya fito.

Rabo ya yi lakwal, wato makarantar boko, shekara shida a Dakoro, a zamanin da ake rubutu da alli a kan ɗan allon hannu, yaro kuma ya san duka in ya karkatar da layi. Yana da kai, har mushensu, malamin ajinsu, ya so ya wuce kwalej. Amma a shekarar jarrabawa ubansa Hamidu ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Aka zo aka ɗauki Rabo a kan jaki, yana da shekara goma sha uku, aka maida shi gida. Tun daga ranar bai taɓa yin wata guda cur nesa da rijiyar ba. Tsararrakinsa suka tafi Agadas, suka tafi Libiya, wasu suka dawo da moto, wato babur, wasu ba su dawo ba. Shi kuwa rijiya ta riƙe shi.

Aikin mai rijiya a wannan ƙasa ba ja kawai ba ne. Shi ke tsara layi. Dabbobinsa su ke fara sha, sa'an nan na maƙwabta, sa'an nan na baƙi. Makiyayin da ya iso daga nesa sai ya sauka ya gaishe shi, ya nemi izini, shi kuma ya faɗa mashi kwana nawa zai yi. Ba a hana kowa ruwa, amma a watan Afrilu, lokacin da ruwan ke ja da baya tun kafin azahar, wanda ke ƙarshen layi laka yake shayar da garkensa. Da farkon layin nan gidan Rabo ke rayuwa: shanu goma sha ɗaya, awaki arba'in, matarsa Nana, 'ya'ya biyar, da kakarsa Habi.

Abu guda ne Rabo bai taɓa yi ba: shiga rijiyar. Kakansa Samba ya mutu a 1966 cikin wata rijiya da yake gina wa mutane a kwarin Tarka, ƙasa ta rufta mashi, aka bar shi a can. Saboda haka Hamidu ya hana ɗansa ko leƙe mai tsawo. In lokacin yasa ya yi, sai a kira masu sana'ar daga Dakoro.

Abin da gidan ya sani game da Samba bai cika tafin hannu ba. Baƙo ne, ya zo daga yamma, daga ƙasar da a da ake kira Sudan, yau kuma Mali. Ya biyo ma'aikatan gina rijiyoyi na zamanin Nasara. Yana yawan kewar kifi. Hannunsa na dama yatsu huɗu ne. Shi ke nan. Babu hoto, babu kabari, babu ɗan'uwan da ya taɓa biyo sawunsa.

A watan Fabrairu na 2023 mutanen kofo suka zo, wato kwamitin da ke rubuta gonaki da rijiyoyi da sunan masu su. Magatakardansu, wani saurayin ma'aikaci mai suna Attaher, ya shimfiɗa takardu ƙarƙashin aduwa. Rabo ya kawo abin da gidan ke ajiye da shi cikin gwangwani: takardar izinin gina rijiya ta 1960, ta yi ja don tsufa. An rubuta suna a kanta, Samba Diallo, yadda Nasara ke rubuta Jallo, da sana'arsa. Ba sunan uba, ba garin haihuwa.

Attaher bai gama karantawa ba sai wani mutum ya miƙe daga cikin taron. Yazidu ne, Bafillace daga wajen Azagor, mai jajayen shanu sama da ɗari, wanda shekara da shekaru yake shayarwa a nan da izinin Rabo.

"Samba Jallo kakana ne," in ji shi. "Daga Dori ya zo. Shi ma maginin rijiya ne, tare suka yi aiki da kakan Rabo. Uwata ta sha faɗa mani rijiyar ga tamu ce, ba ta dai da mai tsaya mata. Ku taso ku gani."

Ya ja su zuwa bakin rijiya. A jikin zoben siminti na farko, kamu biyu ƙasa da baki, akwai shaidar tafin hannu da aka danna tun simintin yana ɗanye. Kowa ya san da ita, yara ma sukan nuna wa juna.

"Ku ƙidaya," in ji Yazidu.

Yatsu biyar ne, ƙaramin ya ɗan karkace waje.

Aka tambayi Agali, tsohon Buzu makaho, wanda shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga ginin. Yana saurayi a lokacin, shi ke kawo masu tsakuwa a kan raƙumi. Agali ya ce i, Samba biyu ne a wurin, ɗaya mai rijiya, ɗaya mai taimako. Ya ce al'adar maginan ita ce mai rijiya kaɗai ke sa hannu a siminti, daga baki har ruwa. Ya ce mijin Habi kuwa yatsu huɗu gare shi, wannan ya gani da idonsa. Wane ne mai rijiyar a cikinsu? Agali ya ce shekara sittin ba wasa ba ce, ba zai ɗauki alhakin kowa ba.

Attaher ya naɗe takardunsa. Ya ce za su dawo ƙarshen Mayu. In Rabo ya kawo shaidar da ta raba Samban takarda da ɗaya Samban, to. In bai kawo ba, hannun da ke bakin rijiya shi ne shaida.

Rabo ya gargaɗi Nana da yara kada wanda ya kai wa Habi maganar. Tsohuwa ce mai shekara tamanin da ɗaya, kunnenta ya yi nauyi, ba ta fita ɗaki sai shan rana. Bai ga amfanin a ce mata ana shirin karɓe abin da mijinta ya bari ba. Ya dai je ya durƙusa a ƙofarta.

"Amarya, an wuni lahiya?"

"Ka ji mijin banza. Kwana uku ban ga goro ba, yau ka tuna kana da mata?"

"Tambaya gare ni. Kakana, mi ne ne sunan garinsu?"

Habi ta gyara zanenta, ta dubi bango. Ita mace ce ta da. Tun da aka kai ta gidan Samba bakinta bai taɓa furta sunansa ba, ko na ɗanta na fari. In wani baƙo mai suna Samba ya sauka, Mai-suna take kiransa.

"Yamma," ta ce.

"Yamma ai faɗi gare ta. Sunan ubansa hwa?"

"Ka taɓa jin inda mace ta kira sunan surukinta? Tashi ka ba ni wuri, marar kunya."

Ya tashi yana dariya don kada ta gane, ya ɗauka ba ta san komai ba.

Daga nan ya shiga neman mutumin da bai taɓa gani ba. Tunaninsa shi ne in ya samo sunan uban Samba da garinsu, wataƙila akwai wata takarda a wani wuri da ta haɗa wannan sunan da wannan rijiyar. Ya hau moton kabu-kabu zuwa Dakoro. A wani ɗaki na bayan biro, wato ofishin hukuma, wani dattijon ma'aji ya fito mashi da rajistar ma'aikatan rijiya na da. Rubutun mutanen wancan zamani ne, da tawada mai launin shunayya, kowane harafi a tsaye kamar an auna shi, irin wanda ba a koyarwa yanzu. Rabo ya bi layi da yatsa. Tsakanin 1952 da 1962 ya ƙidaya Samba Diallo bakwai. Huɗu an rubuta daga Sudan suka zo, biyu daga Volta, ƙasar da Dori take, ɗaya ba a rubuta komai ba. Babu sunan uba ko guda.

"Su fa a lokacin," in ji ma'ajin, "duk Bafillacen yamma da ya zo neman aiki ba ya da takarda, wannan sunan ya fi sauƙin rubutawa. Ƙila ma cikin bakwai ɗin nan akwai wanda ba sunansa ke nan ba."

Ya tafi Maraɗi, ya kwana uku a gidan wani ɗan garinsu. Aka tura shi daga wannan ƙofa zuwa waccan, kowa ya karɓe shi da mutunci, kowa ya ce ba nan ba ne. A ƙarshe aka nuna mashi wasu ɗaurin takardu na yankin Dakoro. Na 1960 gara ta riga shi karantawa.

A kasuwar Maraɗi aka haɗa shi da Aisata, wata 'yar Mali mai sayar da shadda. Da ya faɗi sunan da yake nema sai ta ajiye almakashi ta yi dariya har da hawaye.

"Samba Jallo? Ɗan'uwa, a gidan ubana kaɗai uku ne. Mijina na fari ma sunansa ke nan. Wane gari?"

"Ban sani ba. Kusa da gulbi dai. Yana son kifi."

"To ai rabin ƙasarmu ke nan."

Duk da haka ta tausaya mashi. Ta ɗauki muryarsa a salula, wato wayar hannu, ta fassara, ta aika wa mutanensu. Cikin sati biyu amsoshi suka fara shigowa wayar Rabo, yana hawa tudun yashi na gabas da rijiya don ya samu layi. Gida goma sha ɗaya suka ce suna da Samban da ya tafi gabas bai dawo ba. Wata tsohuwa ta yi kuka a cikin saƙonta, ta ce wanta ne, ta tambaya ko dogo ne mai wushirya. Rabo ya tsaya a kan tudun da waya a hannu. Bai san tsawon kakansa ba.

A gida kuwa abubuwa sun fara sauyawa tun kafin a yanke hukunci. Duk tafiyar da ya yi, sai ya tarar layi ya ɗan goce. Wani baƙon makiyayi ya sauka, ya wuce ƙofar Rabo, ya je ya gaida Yazidu. Nana ta ce mashi a bakin kwami ta ji mata na cewa baɗi war haka awakinta za su san ɗanɗanon laka. In ya tafi neman takarda, wurinsa a bakin rijiya na raguwa. In ya zauna, kwanaki na tafiya ba shaida. Ya yi tunanin sayar da shanun ya kwashe iyali zuwa Dakoro, amma me zai yi a can? Ban da tsara layi da jan ruwa bai iya komai ba. Ya rame, ya daina zama ƙarƙashin aduwa.

Saura kwana tara mutanen kofo su dawo, wata hantsi, Habi ta aika a kira shi.

"Angona, zauna. Wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"Kunnena ne ya mutu, idona na nan. Wuyanka ya zama na zakara. Ko kishi kake don na tsufa na fi ka kyau?"

Bai maida wasan ba. Sai ya matso kusa da kunnenta ya faɗa mata duka: mutanen kofo, Yazidu, Samba bakwai na Dakoro, da hannun bakin rijiya mai yatsu biyar.

Habi ta dube shi.

"Wata uku kana yawon duniya kan wanga?"

"Ban so ranki ya ɓaci ba, Kaka."

"Kai dai ba ka da wayo, kamar wanda ya haife ka. Ka zo kana tambaya ta sunan mutane. Da ka ce mani hannu ne, ai hannu ba suna ba ne." Ta sunkuyar da kai, ta rage murya, kamar wanda take magana a kansa yana bayan zana. "Lokacin da aka kawo ni, hannun mutumin nan cikakke ne. Ni ke kai masu fura bakin aiki, wata goma sha huɗu. Sai da suka taɓa ruwa, ana saukar da zobe, igiya ta kama mashi wanga." Ta taɓa yatsanta na nuni. "Ni na ɗaure mashi da gefen zanena. Kwana ashirin ya yi a kwance, ya tashi ya zuba sauran zoben. Na ce ya bar ɗaya Mai-sunan ya sa hannu. Ya ce rijiyarsa ce."

Nan take Rabo ya gane inda shaidar take. Tana ƙasa, gaba talatin da biyar, inda ubansa ya hana shi.

Yana iya kiran masu yasa daga Dakoro, amma ya san za a ce ya saye bakinsu. Ya je wurin Yazidu ya faɗa mashi abin da tsohuwa ta ce, ya ce shi zai shiga da kansa ranar da mutanen kofo suka zo.

"Kai da ko leƙe ba ka yi?" in ji Yazidu.

"Ni. Kuma kai nake so ka riƙe igiya."

Yazidu ya dube shi sama da ƙasa. Sa'an nan ya ce, "In ka faɗi, a ce ni ne."

"Shi ya sa na san ba za ka saki ba."

Ran 29 ga Mayu, bayan la'asar, da dabbobi suka gama sha ruwa ya ja ƙasa, aka ɗaura wa Rabo igiya biyu, ɗaya a ƙugu, ɗaya a ƙarƙashin cinyoyi. Ya sa salula a aljihun gaba, da guntun ƙwarya don kankare gansakuka. Maza takwas suka kama igiyar, Yazidu a gaba. Nana ta koma gida ta rufe ƙofa.

Ya wuce hannun farko yana kallonsa ido da ido. A gaba na biyar ya haska fitilar waya, ya ga na biyu: yatsu biyar, ƙarami a karkace. A gaba na goma, biyar. Zafin sama ya ƙare, wani sanyi mai warin laka ya taso. Muryoyin mutane suka zama kamar ana magana cikin tulu. Ya ɗaga kai sau ɗaya, ya ga bakin rijiya bai fi faifai ba, ya rantse ba zai sake ɗagawa ba. Gaba ashirin, yatsu biyar. Gaba ashirin da biyar, biyar. Numfashinsa ya fara guntulewa. Bango na kusa da kafaɗunsa ta kowane gefe, igiya na juya shi a hankali, ya tuna kwarin Tarka da mutumin da ke kwance a can har yau. Ya ce a ransa ƙila tsufa ne ya rikita Habi. Gaba talatin, har yanzu yatsu biyar.

Ƙafafunsa suka taɓa ruwa, ya nutse zuwa cinya. A nan zoben sun fi ƙanƙanta, baƙi ƙirin da gansakuka. Ya fara kankarewa da ƙwarya, yana zagayawa. Zobe na sama ba komai. Na biye da shi ba komai sai tsaga. Igiya ta girgiza sau biyu, ana tambayarsa ko a ja. Bai amsa ba. A zobe na uku, daidai ƙirjinsa, ƙwaryar ta faɗa wani ɗan rami. Ya wanke wurin da tafinsa, ya haska.

Hannun dama ne. Ƙaramin yatsa a karkace waje, kamar na sama duka. Inda na nuni ya kamata ya kasance, dungu ne kawai, har da sawun tsumman da aka naɗe shi.

Rabo ya ɗauki hoto uku. Kafin ya ja igiya ya sa nasa hannun a ciki. Na kakan ya fi nasa faɗi.

Da aka fito da shi ya miƙa wa Attaher hoton. Waya ta zaga hannun mutane. Yazidu ya duba, ya mayar, ya ce shi bai yarda da hoto ba, a ɗaura mashi igiya. Wannan karon Rabo ne ya kama gaba. Yazidu ya daɗe a ƙasa. Da ya fito ya zauna a bakin kwami, ya matse rigarsa, ya dubi Attaher.

"Hannu guda ne tun daga sama," ya ce. "Rubuta mashi."

Attaher ya rubuta. Rabo ya roƙi a ƙara cewa shanun Yazidu su ne na biyu a layi, tunda kakansa ma ya zuba guminsa a nan, aka ƙara. Da magatakardan ya iso layin da ake sa garin haihuwar wanda ya gina rijiya, sai ya ɗaga kai. Rabo ya ce bai sani ba. Attaher ya ja ɗan layi a wurin.

Rabo ya tafi ɗakin Habi da laka a jikinsa, ya nuna mata hoton. Ta kai wayar kusa da ido, ta yi sauri ta kau da kai, ta ja mayafi.

"Kaka, yanzu ba don takarda ba. Garin nasu, da gaske ba ki sani ba?"

"Ya faɗa mani," ta ce. "Sau ɗaya, ranar da aka kawo ni. Kaina na ƙasa, kunya ta cika mani kunne, ban riƙe ba. Na ce gobe na tambaya." Ta miƙa mashi wayar. "Tahi ka yi wanka, kana warin kwaɗo. Gobe kai ne farkon layi."